Littafin 'yar masunta da ta tafi neman gulbi: in ba 'yata ta karanta?

Maman_Biyu_Mabera:
Assalamu alaikum 'yan zaure. Ina da magana a kan wani littafin yara, ina son jin ta bakinku, musamman iyaye da malamai.

Makon jiya na shiga babbar kasuwar Sakkwato sayen kayan makaranta, sai na gan shi a teburin mai littattafai, an cusa shi tsakanin na soyayya da na addu'o'i. Da Hausa aka rubuta shi, shafi 140 da 'yan kai. Na saya wa 'yata mai shekara 11, amma a al'adata ba na miƙa mata littafi sai na riga ta karantawa. Bayan isha'i na ce bari in leƙa shafi biyu. Aka ɗauke wuta, na ci gaba da fitilar waya, ban ajiye shi ba sai wajen ƙarfe ɗaya na dare.

Ba zan faɗi sunansa ko na marubucin a nan ba, don kada a ce talla na zo yi ko ɓatanci, tunda akwai inda zan yaba, akwai inda zan soka.

Labarin wata yarinya ce 'yar masunta da ƙanenta. Gulbin garinsu ya ƙafe shekara uku a jere, jiragen iyayensu suna kife a kan yashi, manya sun yi roƙon ruwa har sun gaji. Sai yarinyar ta lura shamuwa ɗaya tak ta zo garin a shekarar, ta ƙi yin sheƙa, kullum da hantsi takan tashi ta yi gabas, ta dawo da ɗanyar laka a ƙafa. Suka bi ta. Ta bakin wata tsohuwar rijiya suka gangara, suka iske wani gari a ƙarƙashin ƙasa inda wani dodo ya ɗure gulbin gaba ɗaya cikin tuluna dubu ya toshe bakinsu.

Wurin da ya fi kama ni shi ne inda yarinyar ta durƙusa a busasshen gindin gulbi tana tono da hannu, ta tarar da gaiwa a dunƙule cikin laka, da ranta. Ta ɗiga mata ɗan ruwan da ya rage a gorarta, gaiwar ta buɗe ido ta ce ita ce ta ƙarshe da ta ji wucewar ruwa, ta san inda ya bi. Sai da na maimaita shafin nan sau biyu.

Har wajen shafi na 110 yarinyar nan ba ta da makami sai ido da haƙuri da abin da ta koya wurin ubanta. Ta fita daga kogon jemagu ne don ta jiƙa yatsa ta gane ta inda iska ke shigowa. Ƙanen yana kuka, yana cewa yunwa, suna faɗa suna shiryawa, kamar yaran gidana. Kwatsam a babi biyu na ƙarshe wata tsohuwa ta ɓullo ta ba ta zobe, ta murza, dodo ya zama toka, tuluna suka fashe, shi ke nan. Raina ya sosu ƙwarai. Marubucin ya yi ta nuna wa yaro cewa lura da haƙuri suna fid da mutum, ya zo bakin gaɓa ya ƙwace nasarar daga hannun yarinyar ya ba ƙarfe.

To ni kaɗai ce ke ganin zoben nan ya ɓata littafin? Kuma in ba ta ta karanta, ko in ajiye?

DanKanwuri:
Wa alaikumus salam Hajiya. Don Allah ki aiko man da sunan littahin ga ta gehe. Ɗiyana ukku, babu wanda ka ɗaukar takarda in ba jarabawa tat taho ba, kullum suna bisa waya. In har akwai littahin da ka hana babba kwana har ƙarhe ɗaya, ko zobba goma na a ciki sai na saye shi.

Malam_na_Zaure:
Wa alaikumus salam wa rahmatullah. Hajiya, Allah ya saka da alheri da kika fara karantawa kafin ki miƙa, iyaye kaɗan ne ke yin haka.

Abu biyu ne a nan, kada a haɗa su. Dabba mai magana da labarin da aka ƙaga ba baƙi ba ne a gidajen ilimi. Kalila wa Dimna da Ibnul Muƙaffa ya mayar Larabci tun ƙarni na 8 na Miladiyya, diloli ne da zaki da sa suke zance a ciki. Muƙamatul Hariri da muke durƙusawa gaban malamai muna karantawa a zaurukan garin nan, Abu Zaidis Saruji da ke cikinta ƙagaggen mutum ne, kuma ba wanda ya ce a daina karanta ta. To gaiwa ta yi magana, shamuwa ta nuna hanya, ban ga abin tsoro ba.

Zoben ne ya tsaya mini. Sihiri yana cikin abubuwa bakwai masu halakarwa da hadisi ya lissafa. Kuma mu a nan zobe bai zama labari kawai ba tukuna. Har gobe ana sayar da laya da guru da kambu a kasuwanninmu, akwai manya masu gemu da suka yarda ƙarfe a yatsa yana kare su. Yaron da ya karanta cewa an murza zobe bala'i ya yaye, gobe in wani ya ce masa ga zoben farin jini ko na cin jarrabawa, an riga an share wa maganar hanya a zuciyarsa. Ke kin ƙi zoben don ya ɓata labari, ni dalilina daban, amma a wuri ɗaya muka tsaya.

Goggon_Yara:
Allah shi gahwarta Malam, maganarka gaskiya ta, amma bari in ƙara. Mu da munka tashi gaban kakanni, wane dodo na ba mu ji ba? Da an ci tuwon dare sai mu taru ɗakin kakarmu a Rijiyar Ɗorowa, a kunna a-ci-bal-bal, ta ce gatanan gatananku. Dodo mai haɗiye gari, ƙwarya mai kawo tuwo da kanta, Gizo da Ƙoƙi, duk mun sha su. Amma in ta ƙare sai ta ce ƙurunƙus, ba don Gizo ba da na yi ƙarya, da ma ƙaryar ce. Kun gani, ita tatsuniya da bakinta take hwaɗa ma yaro ƙarya ta. Ba a yin ta da rana, tana da lokacinta, kuma kana kallon bakin mai yin ta ka san kakarka ta. Shi ko littahi, yaro shi kaɗai ka zamnawa da shi cikin ɗaki, kuma ɗiyanmu sun saba duk abin da anka rubuta ga takarda gaskiya na. Shawarata ɗiyata, ki ba ta, amma ki zamna kusa.

AbuGawonNama:
Ni fa ban yarda da irin waɗannan littattafan ba sam. Kwaikwayon Turawa ne, irin nasu na makarantar matsafa da fina-finan da yara ke kallo a talabijin, an canja sunaye an sa musu hula da kallabi. Me ya hana a rubuta wa yara tarihin Shehu da Bello da Nana Asma'u? Ga Hubbare nan a tsakiyar gari, yara nawa ne za su iya ba ka labarin hijira daga Ɗegel zuwa Gudu ko yaƙin Tabkin Kwatto na 1804? A bar dodo, a ba su abin da ya faru da gaske.

Alhajin_Arkilla:
Abu, ka yi a hankali ɗana. Mu a firamare Magana Jari Ce muka karanta, da Ruwan Bagaja na Tafawa Ɓalewa, akwai aljanu akwai abin al'ajabi, kuma ba mu bar sallah ba. Ni littafin nan ne ya sa na iya karatun jarida. Malaminmu yakan karanta mana babi ɗaya ranar Alhamis, in ya tsaya a tsakiyar labari sai mu bi shi har bakin kekensa muna roƙo.

Dalibin_Hausa:
Baba Alhaji, da izininka in ɗan gyara. Ruwan Bagaja na Abubakar Imam ne, shi ne kuma ya rubuta Magana Jari Ce. Na Tafawa Ɓalewa shi ne Shaihu Umar. Abin da ke sa a haɗa su, Ruwan Bagaja da Shaihu Umar duk sun fito ne daga gasar ƙaga labari da wani Bature, Rupert East, ya shirya daga Zariya a 1933.

@AbuGawonNama, yaya, a nan ne na saɓa da kai. Ƙagaggen labarin Hausa na boko da tafiyar al'ajabi ya fara. Ruwan Bagaja kansa tafiyar neman wani ruwa ce. Ganɗoki na Bello Kagara, yayan Imam, da yaƙin Turawa ya soma, sannan ya zarce duniyar aljanu. A 1969 Umaru Dembo ya fitar da Tauraruwa Mai Wutsiya, inda aka ɗauki yaro zuwa sararin samaniya. Kuma aro ba aibi ba ne. Magana Jari Ce cike yake da labaran da aka ɗebo daga Dare Dubu da Ɗaya da na Indiya da na Turai, amma an dafa su da Hausa har ba ka jin ƙamshin baƙunta. Abin dubawa shi ne ko an dafa ko an bar shi ɗanye. Yadda Hajiya ta kwatanta wannan, shamuwa da gaiwa da tulu, ni ban ga hular aro ba.

Alhajin_Arkilla:
Na karɓi gyara ɗana, Allah ya ƙara sani. Shekaru sun yi nisa.

AbuGawonNama:
Na ji. Amma har yanzu ba wanda ya amsa mini dalilin da ya sa tarihinmu ba ya samun irin wannan rubutun.

MalamaFiramare:
Abu, zan amsa maka daga cikin aji. Aji biyar nake koyarwa. Ina da yaran da in na rubuta jimla da Hausa a allo, sai sun bi ta da yatsa harafi harafi, kafin su kai ƙarshe sun manta farko. Irin wannan yaron ba za ka fara shi da shekaru da sunayen wurare ba, zai rufe littafin. Sai ya fara jin daɗin juya shafi, yana son sanin me ya faru gaba, sannan ka kawo masa Tabkin Kwatto ya karɓa hannu biyu. Tarihinmu ma ai labari ne mai ɗaukar hankali, rubuta shi ake yi kamar takardar jarrabawa.

Hajiya, tambayata daban ce. Yaya bugun yake? An sa ƙugiya a ƙ da ɗ da ɓ? Wannan ya fi damuna fiye da dodo. In yaro ya saba ganin kasa a inda ake nufin ƙasa, ni ce zan sha wahalar gyara shi.

Maman_Biyu_Mabera:
Malama, an sa ƙugiya a yawancin wurare, an kuma raba kalmomi daidai, na yaba da wannan. Sai dai akwai shafuka kamar shida a tsakiya da ƙ ta koma ɗan akwati, da alama na'urar bugun ce. Takardar sirirya ce, rubutun baya yana leƙowa. Zane huɗu ne kawai a ciki, baƙi da fari, amma na gaiwar ya yi kyau.

@DanKanwuri na tura maka.

Ummu_Runjin_Sambo:
Yaya, tun daga shamuwa mai laka a ƙafa na gane littafin, mun karanta shi da yarana a hutun da ya wuce. Kuma gaskiya kin zalunci tsohuwar nan. Ba ɓullowa ta yi daga sama ba. Ki koma babi na biyu, ranar da suka bar gari. Sun wuce wata tsohuwa a gindin aduwa tana ɗingishi, ƙanen ya ce su yi sauri shamuwa za ta ɓace musu, yarinyar ta ƙi, ta zauna ta cire mata ƙaya a tafin ƙafa, har suka rasa tsuntsuwar wuni guda. Ita ce mai zoben. Wato ba kyauta aka ba ta ba, ladan abin da ta shuka ne.

Kuma wannan tsarin namu ne tun fil'azal. Goggo za ta shaide ni, a tatsuniya yarinya takan gamu da tsohuwa a bakin rafi ta ce cuɗa mini baya. Mai ladabi ta cuɗa ta samu alheri, mai raini ta ƙi ta gamu da wahala. Marubucin a kan wannan turbar ya taka.

Goggon_Yara:
Haka na ɗiyata. Ba a wuce tsohuwa a tatsuniya a kwana lahiya.

Maman_Biyu_Mabera:
Ummu, na koma na duba, kin yi gaskiya, ita ce, har da tabon ƙayar an ambata a ƙarshe. Barci ne ya sa na tsallake. Na janye cewa daga sama ta faɗo.

Amma ban janye sauran ba. Ladan alheri ya zo, na yarda. Sai dai me ya sa ladan zai zama abin da zai yi mata aikin gaba ɗaya? Da tsohuwar ta gaya mata wani sirri ne, a ce lokacin da dodo ke barci, ko wane tulu ne uwar sauran, sannan yarinyar ta ƙarasa da hannunta da wayonta, da an ba alheri haƙƙinsa, an ba hankali nasa. Yanzu kuwa duk abin da ta koya a hanya bai yi mata amfani a ranar da ta fi bukatarsa ba. Ko ƙanen ne ya murza zoben, dodo zai mutu.

Basarke_Rima:
Salamu alaikum. Ni ba ma'abocin littahi ba ne, ɗana ya nuna man wagga magana don ya ga an ambaci gaiwa. Hajiya, wanda yar rubuta wanga abu ya san ruwa, ko ya zamna da waɗanda sunka san shi. Gaiwa haka take. In ruwa ya janye sai ta nutse cikin laka ta naɗe, ta yi ma kanta kwanso da yauƙin jikinta, ta bar 'yar ƙohwa ta shan iska, ta kwana nan wata da watanni har ruwa shi dawo. Muna yara muna bin busasshiyar fadama wajen Kwalkwalawa da sanda, in munka ga 'yar huda sai mu tona. Ka ɗauko ta awa dunƙulen ƙasa, ka jefa cikin ƙwarya da ruwa, jim kaɗan ka ga ta motsa. Sai dai a yi hattara, tana cizo.

Amma ƙarshen ga da kika hwaɗi, ni ba zoben ad damuwata ba. Tulu dubu su hwashe lokaci guda? Wanga ba ceton gari ba ne, halaka shi na. Duk wanda yag ga ambaliyar 2010 ya san abin da nike nuhi, sa'ad da ruwa yac cinye gadar hanyar jami'a, mutane sunka koma ƙetarewa da jirgi, gonaki da gidaje sunka tahi. Ɗiyar masunci ta gaske ba ta yarda a saki ruwa haka. Ɗaya ɗaya za ta buɗe su.

Kuma dodon da yat tare gulbi, mu mun san irin shi. Tun da anka yi madatsar Bakolori da ta Goronyo, ruwa ba shi malala fadama yadda iyayenmu sunka saba, kihi ya ragu. An samu noman rani, ban musa ba, amma mu namu ya canza.

Dalibin_Hausa:
Baba Basarke, wannan sharhin ya fi wanda muke yi a aji. Wallahi ban taɓa kallon dodon ta wannan fuskar ba.

Ummu_Runjin_Sambo:
Baba, labarin yara ne fa. In za a bi ka'idar ambaliya, ai gaiwa ma ba ta magana. Yarana da suka kai wurin fashewar tulunan tsalle suka yi a kan katifa suna ihu. Yaro yana son ranar nasara ta zo da ƙara.

Maman_Tagwaye:
Ku yi haƙuri in kawo abin da ba wanda ya taɓo. Ni rijiyar ce ta tsaye mini a rai. A unguwarmu akwai tsofaffin rijiyoyi a cikin gidaje, wasu faifan kwano kawai aka ɗora a kai. Bara na shiga gidan maƙwabta na iske ɗana na shekara 6 ya janye murfin, ya kwanta da ciki yana leƙawa, wai yana kiran muryarsa. Har yau in na tuna sai jikina ya yi sanyi. Yanzu a ce an karanta masa cewa akwai gari a ƙarƙashin rijiya? Mai shekara 11 ta san bambanci, amma ƙannenta da za su zauna suna saurare fa? Marubutanmu su riƙa tuna irin gidajen da littafin zai shiga.

MalamaFiramare:
Wannan magana ce mai nauyi, Maman Tagwaye. In zan karanta shi a aji sai na tsaya a wurin na yi musu kashedi da babbar murya.

Mai_Nazarin_Duwatsu:
Tunda an zo kan dodon ruwa, bari in faɗa wa @AbuGawonNama wani abu da zai yi masa daɗi, don abin da ya faru ne da gaske. Sama da shekara miliyan 65 da suka wuce teku ne ya rufe yankin nan namu. Farar ƙasar da ake haƙa a Kalambaina ana yin siminti, cike take da ɓawon halittun ruwa. An kuma tono ƙasusuwan wani ƙaton ƙadangaren teku a ƙasar Sakkwato, masana suka raɗa masa suna Goronyosaurus a 1972, daga sunan Goronyo. Yanzu a ce wani ya rubuta labarin yaron da ke kiwo ya tsinci haƙorin wannan dabbar. Ko yara uku da dare ya yi musu a kufan Surame, birnin Kanta, sarkin Kabi na da, mai ganuwar dutse da ke can ƙasar Binji. Kayan labari a zube suke, masu ɗauka ne babu.

AbuGawonNama:
To ka ga irin wannan zan saya da kuɗina. Surame, Alƙalawa, Wurno. A sa yara a ciki, a sa tsoro da gudu, ban hana ba, amma ƙasar ta zama tamu, in yaro ya gama a iya ɗaukarsa a mota a kai shi ya taɓa ganuwar.

DanKanwuri:
Ni kuma abin da nika so, in an rubuta, a bar mutanen ciki su yi magana awa mu. Kowane littahi ka ɗauka, masunci na Rima shina magana awa ɗan Kano. Ɗiyana har sun hwara jin kunyar cewa munka da sunka gaban baƙi.

Dalibin_Hausa:
Daidaitacciyar Hausa ce ake koyarwa ake kuma jarrabawa da ita, shi ya sa. Amma ba abin da ya hana mai ba da labari ya yi daidaitacciya, mutanen ciki su yi karin garinsu. Hajiya, a wannan yaya aka yi?

Maman_Biyu_Mabera:
Kowa daidaitacciya yake yi, har dodon. Ba a ma faɗi sunan gulbin ba.

Malam_na_Zaure:
Mun yi nisa da tambayar Hajiya. Ita dai ta ce ta ba 'yarta ko ta ajiye. Ni ban ce haramun ne karanta shi ba, kada a ɗauke ni haka. Na ce akwai wurin da ke bukatar babba a kusa, kamar yadda Goggo ta faɗa. In uwa za ta zauna ta ce wannan ƙage ne, ƙarfe ba ya amfanarwa ba ya cutarwa sai da ikon Allah, to an toshe ɓarakar. In kuwa za a jefa wa yaro ne a tafi, gara a nemo wani.

Maman_Biyu_Mabera:
Salamu alaikum, na dawo bayan kwana biyar. Na gode wa kowa. Na bi shawarar Goggo da Malam, mun karanta tare a dare uku, ita ke karantawa da ƙarfi, ni da ƙanenta muna saurare a kan tabarma a tsakar gida. Wurin rijiya na tsaya na yi abin da Maman Tagwaye ta ce, washegari kuma na sa an ɗora wa tamu dutse a kan murfi.

Ga abin da ya faru. Da muka zo kan gaiwa ta ɗago kai ta ce, Mama da gaske kifi yana kwana a ƙasa? Na karanta mata abin da Baba Basarke ya rubuta, ta riƙe baki. Da tsohuwa ta fito da zobe, tun kafin littafin ya faɗa ta ce, ai mai ƙayar nan ce! Ummu, kin ci wannan, yarinya ta gane abin da ni na tsallake.

Amma da muka rufe littafin ta yi shiru, sannan ta ce, to me ya sa tsohuwar ba ta ba ta zoben tun a gindin aduwa ba, da ba su sha yunwa ba? Ban da amsa. Kuma abin da ya sa ta hawaye ba mutuwar dodo ba ce, wurin da shamuwa ta yi musu sallama ta tashi ne, don lokacin komawarta kudu ya yi.

Jiya na iske ta da littafin rubutu na makaranta, ta yage tsakiya tana rubuta nata ƙarshen. A nata, yarinyar ta jira dodo ya yi barci, ta ɗauki allurar ɗinkin taru ta ubanta tana huda tulunan ɗaya bayan ɗaya, ƙanen yana ƙirgawa. Ta kai shafi uku, ta ce saura yadda za su fita.

Ummu_Runjin_Sambo:
Masha Allah, Allah ya raya ta. Amma ni har yanzu ina tare da zoben, yaya. Tsohuwar ba ta ba ta tun farko ba ne don sai an gwada mutum kafin a ba shi amana. Nawa yaran haka suka fahimta.

Malam_na_Zaure:
Allah ya yi mata albarka. Ƙarshen da ta rubuta ya fi kwanta mini. Da marubucin zai sake bugu, da na so wani ya isar masa da wannan zaren.

AbuGawonNama:
In ta gama wannan, Hajiya, a kai ta gidan tarihi na Waziri Junaidu ta ga kayan da. Wataƙila na biyun ta rubuta mana a kan Surame.

Basarke_Rima:
Ki gaya ma ɗiyar ga, in huda za ta yi, ta hwara da tulun da ag ga ƙasa can nesa da ƙohwa, kada ruwa shi tare musu hanyar hita. Malama, in bazara ta yi fadama ta bushe, in Allah ya kai mu, ni kawo maki gaiwa cikin dunƙulenta ki nuna ma ɗiyan ajinku. A tanadi babbar roba da ruwa.

MalamaFiramare:
Baba, na riƙe wannan alkawarin. Zan nemi izinin shugaban makaranta tun yanzu.

DanKanwuri:
Hajiya, na tai kasuwa yau, mai teburin ya ce guda huɗu yaz zo da su kuma sun ƙare, sai ya koma Kano sari. In kun gama da naku ki ara man na kwana ukku, ni aiko yaro Mabera shi amsa.

Maman_Biyu_Mabera:
Sai ta gama kwafe sunayen kifayen da ke ciki, ta ce tana so ta tambayi Baba Basarke ko duk akwai su a Rima. Ka aiko shi ranar Asabar bayan la'asar.